Yadda Tsofaffin Sojojin Amurka Suka Kai Ga Ƙofar Kotu

Tun lokacin yaƙin basasar Amurka, gwamnatin ƙasar ke auna raunin soja da tambaya guda: zai iya aiki ya ciyar da kansa? Dokar fansho ta 1862 ta yanka wa ƙaramin sojan da ya nakasa ɗungurungum dala 8 a wata. Ta 1890 kuma ta haɗa da duk wanda ya yi kwana 90 a rundunar Arewa ya kasa aikin ƙarfi, ko da ba a fagen daga ya samu ciwon ba. A 1945 aka tsara jadawalin da ake tafiya a kansa har yau, mai raba nakasa daga sifili zuwa kashi 100 bisa yadda ciwo ke rage samun matsakaicin ma'aikaci. Nan gizo ke saƙa. Ciwon bayan da akawu zai jure a kan kujerarsa, shi ke raba direban tirela da sitiyari har abada, alhali jadawalin lamba ɗaya zai ba su.

Hukumar tsofaffin sojoji ta san da wannan giɓi, shi ya sa ta tanadi ƙa'ida: wanda ciwo ɗaya ya kai shi kashi 60, ko ciwuka suka haɗu suka kai 70 tare da guda mai 40, za a biya shi kamar mai kashi 100 muddin ciwon ya hana shi aikin da zai riƙe shi. To amma wa ke cewa ya hana? Dokar tsuke bakin aljihu ta 1933, a mulkin Roosevelt, ta ce hukuncin hukumar shi ne ƙarshe, kotu ba ta da ta cewa. Kwamitin ɗaukaka ƙara da aka kafa a shekarar ma cikin hukumar yake. Lauya kuwa, daga 1864 har zuwa 1988 doka ta hana shi karɓar fiye da dala 10, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan a 1985. Wane lauya zai yi wata yana tattara takardun asibiti da shaidar tsofaffin iyayen gidan mutum kan dala 10? A ganina, ƙa'idar ba ta zama haƙƙi na gaske ba sai a 1988, da matsin lambar sojojin da suka dawo daga Biyetnam ya kai ga Shugaba Reagan ya sa hannu kan dokar kafa kotu ta musamman.

Masu suka sun ce shigar lauyoyi ta mai da tsarin taimako fagen jayayya, ta kuma ƙara jinkiri. Jinkirin gaskiya ne, har ya sa aka sake fasalin ɗaukaka ƙara a 2017. Sai dai kotun ce, a shari'ar Rice ta 2009, ta ce batun kasa aiki yana cikin ƙarar neman ƙarin kashi idan hujja ta nuna shi, ba sai soja ya san sunan ƙa'idar ya shigar da sabuwar buƙata ba. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na shekaru: binciken ofishin bin diddigi na majalisa a 2015 ya nuna fiye da rabin masu karɓar wannan kuɗi sun kai 65, shekarun da yawanci an bar aiki. Amma mutumin da ya daina aiki yana ɗan 40 bai tara fanshon da tsaransa suka tara ba, kuma ƙa'idar hukumar kanta ta hana a duba shekaru wajen yanke hukunci.