Daga ɗakin duhu zuwa gilashin bayan kyamara: sana'ar hoto a Karaye da Rogo

Kafin wayar hannu ta cika aljihun kowa, mai hoto mutum ne da ake kai wa goron gayyata. Biki ne ko suna, saukar Alƙur'ani, hawan Sallah a Karaye, ko ɗalibi mai neman fasfo don takardar jarrabawa, sai an nemo shi, ya zo da Yashica rataye a wuya.

Aikin na masu haƙuri ne. Fim ɗaya hoto 36 yake ci, wani 24, kuma ba a cire shi sai ya cika. Wanda aka ɗauka yau a Rogo zai jira a gama da bukukuwan ƙauyukan kewaye, sannan a ba direban motar Kano fim ɗin ya kai wurin wanki. Baƙi-da-fari ana iya wanke shi a ɗakin duhu na gida, amma mai kala sai injin birni. In tsautsayi ya sa haske ya shiga fim, ya ƙone ke nan, kuma amarya ba za ta sake shiga lalle don a maimaita ba. Rigimar "hoton bai fito ba" ta raba masu hoto da kwastomomi da yawa.

Kyamarar fim ba ta da gilashi a baya, lissafin duk a ka yake. Da rana tsaka, da fim mai lamba 100, gwani zai matse ƙofar haske zuwa 16, ya sa saurin ƙiftawa a kan 125. Hadari ya haɗo, ya buɗe zuwa 8. A cikin zaure kuwa sai filas. Yaron shago yakan daɗe yana riƙe jaka kafin a yarda ya taɓa waɗannan lambobi.

Canjin daga nesa ya taso. A 1975 wani injiniyan Kodak a Amurka, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar da ba ta buƙatar fim. A 1995 kamfanin Casio na Japan ya fitar da QV-10, mai gilashi a baya da ke nuna hoto nan take. Kodak ɗin kanta, uwar fim, ta shigar da takardun karyewa a 2012.

Da irin waɗannan kyamarori suka iso yammacin Kano, kwastoma ya samu baki. "Mu gani," in ji shi, in bai yi masa ba a goge a sake. Lambobin da tsofaffi suka haddace suka koma rubuce a gilashi, sabon shiga yana karantawa kawai. Sauƙi ne, ba musu, sai dai ya zo da nasa ciwon kai: ranar da rubutun ya ɓace ana tsakiyar biki, sai yaro ya rikice ya ce kyamara ta mutu.

Galibi ba ta mutu ba. Akwai maɓalli mai rubutun DISP ko INFO, gwargwadon kamfani, wanda kowane dannawa ke sauya abin da gilashin ke nunawa, kuma yatsa kan taɓa shi ba da niyya ba. Da yake yawancin kyamarorin 'yan tokumbo ne, ba littafin bayani, ba kowa ya san haka ba. Sai kuma ɗan idon da ke jikin tagar leƙe a wasu kyamarori, wanda ke kashe gilashi idan ya ji fuska ta matso. Ƙurar hunturu ko maiƙon gumi ya lulluɓe shi, sai ya ɗauka mutum na leƙe har yanzu. Ƙyalle mai laushi ya isa magani. Babbar matsala ita ce siririyar wayar da ke cikin gilashi mai juyawa, wadda yawan buɗewa da rufewa ke tsinkawa. Wannan kam sai mai gyara.

Ko gilashin ya mutu ɗungum, manyan kyamarori suna nuna lambobin a ƙasan tagar leƙe, kuma suna ɗauka. Don haka mai hoto na Karaye ko Rogo, kafin ka biya kuɗin motar Kano, danna maɓallin nan, ka goge idon, ka cire batir ka mayar.