Albert Camus da Mamacin da Kotu Ba Ta Ambaci Sunansa Ba

A shekarar 1942, Paris tana hannun sojojin Jamus, wani matashin ɗan jarida haifaffen Aljeriya mai suna Albert Camus, wanda ake furta sunansa Kamu, ya fitar da littattafai biyu. Na farko ƙagaggen labari ne, L'Étranger, wato Baƙo. Na biyu maƙala ce a kan tatsuniyar Girkawa ta Sisifus. Wanda ya yi karatun sakandare da Faransanci a Yamai ko Damagaram, da wuya bai ci karo da sunansa ba. Masana suna lissafa shi tare da Jean-Paul Sartre cikin masu falsafar da ke tambayar ma'anar zaman ɗan Adam a duniya, ko da yake shi kansa ya ƙi a liƙa masa wannan laƙabi. Ni abin da ya fi jan hankalina a rubutunsa tambaya ce guda: idan al'umma ta hukunta mutum, laifinsa take hukuntawa, ko hankalinta take kwantarwa?

Tambayar a gida ya gaje ta. An haife shi a 1913 a ƙauyen Mondovi da ke gabashin Aljeriya. Mahaifinsa ya rasu a 1914 sakamakon raunin da ya samu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yaron bai cika shekara ba, mahaifiyarsa kuma ta rene shi da aikatau a unguwar talakawa ta Belcourt a birnin Aljiyas. Cikin ɗan abin da aka ba shi labari game da mahaifin akwai wannan: wata rana ya yi sammako don ya kalli yadda za a fille kan wani mutum da ya kashe iyalin manomi har da yara. Ya tafi yana ganin mutumin ya cancanci abin da za a yi masa. Da ya dawo bai ce wa kowa uffan ba, sai ya kwanta a gado ya yi ta amai.

Sisifus kuwa, a tatsuniyar Girkawa, sarkin Korintus ne mai wayo, wanda ya zambaci mutuwa sau biyu. Da farko ya ɗaure ta da sarƙa, har mutane suka daina mutuwa. Daga baya ya umarci matarsa kada ta yi masa jana'iza, ya fake da haka ya nemi izinin komawa duniya don ya tsawata mata, ya ƙi dawowa. Hukuncin da allolin tatsuniyar suka yanke masa shi ne ya riƙa gangara ƙaton dutse zuwa ƙololuwar tsauni, da ya kusa kaiwa sai dutsen ya mirgino ƙasa, ya sake farawa, har abada. Wannan horo ba ya gyara mai laifi, ba ya biyan wanda aka cuta. Amfaninsa kawai a nuna wa kowa wanda ke da iko. Camus ya ga cewa abin da ya rage wa Sisifus shi ne sanin halin da yake ciki, kuma wannan sanin ba mai iya ƙwace masa.

A cikin Baƙo sai ya sauko da maganar daga tsauni zuwa ɗakin shari'a. Meursault ƙaramin ma'aikacin ofis ne Bafaranshe a Aljiyas. Ya harbe wani Balarabe a bakin teku, harbi ɗaya, sannan ya ƙara huɗu. Amma da aka shiga kotu, an fi ɓata lokaci a kan wani abu dabam: bai yi kuka ba a jana'izar mahaifiyarsa, ya sha sigari da kofi a gaban gawarta, washegari ya tafi iyo da kallon fim ɗin barkwanci da budurwa. Da waɗannan mai gabatar da ƙara ya nuna shi a matsayin mutumin da ba shi da zuciya, aka yanke masa hukuncin kisa. Jama'a na iya jure wa mai laifin da ya yi nadama irin wadda suke son gani. Wanda ya ƙi yi musu ƙaryar hawaye shi ne ba su yafewa.

Tarihi bai bar Camus ya tsaya a kan takarda ba. Da aka 'yantar da Paris a 1944, yana editan jaridar Combat, ya goyi bayan a hukunta waɗanda suka haɗa kai da Jamusawa ba sassauci, ya yi ta musayar yawu da marubuci François Mauriac mai kiran a yi rangwame. A farkon 1945 aka yanke wa Robert Brasillach, marubucin da ya yi wa 'yan Nazi farfaganda, hukuncin kisa. Camus ya tsani mutumin, amma ya sa hannu a takardar roƙon a bar shi da ransa. Janar de Gaulle ya ƙi, aka harbe Brasillach ranar 6 ga Fabrairu. Daga baya Camus ya faɗa a bainar jama'a cewa Mauriac ne ke da gaskiya. A 1957, shekarar da ya samu kyautar Nobel, ya wallafa doguwar maƙala a kan na'urar fille kai. Hujjarsa ita ce tun 1939 Faransa ta daina kisa a fili ta koma bayan katangar gidan kaso; in da ta yarda abin yana tsoratar da masu laifi, da ba ta ɓoye shi ba. Ya rasu a hatsarin mota a 1960, Faransa kuma ta soke hukuncin kisa a 1981.

Sai dai ko kana ƙaunar marubuci, gaskiya ɗaya ce. Mutumin da Meursault ya kashe ba shi da suna a littafin daga farko har ƙarshe, kuma cikin shaidun da aka kira babu Balarabe ko ɗaya. Wani manazarci ɗan ƙasar Ireland, Conor Cruise O'Brien, ya rubuta a 1970 cewa a Aljeriya ta wancan zamani da wuya kotun Faransa ta kashe Bature saboda ran Balaraben da ke riƙe da wuƙa. A lokacin akwai dokar indigénat, wadda aka kafa a Aljeriya a 1881 aka faɗaɗa ta zuwa sauran ƙasashen da Faransa ta mallaka, har da Nijar da Chadi. Ta ba kwamandan Bature ikon ɗaure baƙar fata ko cin tararsa ba tare da alƙali ba, kuma ba a soke ta ba sai 1946. Ke nan Meursault ya samu lauya da shaidu da zaman kotu, abin da kakanninmu ba su samu ba a kan laifin ƙin gaishe da kwamanda ko jinkirin biyan haraji.

Sai a 2013 wani ɗan jarida ɗan Aljeriya, Kamel Daoud, ya mayar da martani da nasa labarin, inda ya raɗa wa mamacin suna Musa, ya ba ƙaninsa Haruna bakin magana. Wanda ya taso inda iyalan mamaci ke da ta cewa tsakanin ƙisasi da diyya da afuwa, nan take zai gane girman giɓin da Daoud ya cike.

Ina yawan karanta labaran kotu a rediyo, kuma na san yadda masu saurare ke yanke hukunci tun kafin alƙali ya zauna, daga fuskar wanda ake tuhuma, ko ƙabilarsa, ko jita-jitar unguwa. Shi ya sa kafin in buɗe makirufo nakan duba abu biyu a rahoton da ke gabana: shin abin da mutumin ya aikata ake magana a kai, ko halinsa da bai yi wa jama'a daɗi ba? Sannan wanda aka cuta, an ambaci sunansa, an ji ta bakin danginsa?