Tsofaffin taraktoci a gaɓar Tafkin Kainji: Yadda ake raya su

A ƙasashen Turai da Amurka, gyaran tsohuwar tarakta sha'awa ce ta masu tara kayan tarihi. Amma a masarautar Yauri da ke kudancin jihar Kebbi, hanya ce ta samun abinci.

A ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, kamar sauran yankunan noman shinkafa na arewacin Najeriya, ba abin mamaki ba ne a ga tarakta da ta girmi direbanta tana kaftu a fadama.

Dalili kuwa a fili yake: farashin sabuwa ya fi ƙarfin akasarin manoma, musamman tun bayan da darajar naira ta faɗi warwas a shekarar 2023. Don haka duk wadda za ta iya tashi, to ba a barin ta ta kwanta.

Ƙasar da tafki ya sauya

An kammala gina madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara a shekarar 1968, bayan shekaru huɗu ana aiki. Tafkin da ya samu ya kai tsawon kilomita 130 da ɗoriya, ya kuma tayar da mutane kimanin dubu 44 daga garuruwansu na asali.

Daga cikinsu akwai Gungawa, mazauna tsibirai, waɗanda suka yi suna wajen noman albasa, da Kambari da sauran al'ummomin bakin kogi.

Ruwan tafkin yana cika yana kuma ja baya a kowace shekara. Idan ya janye yakan bar ƙasa mai danshi da albarka, amma lokacin da manomi ke da shi na gyara ta gajere ne. Wanda bai samu tarakta a makon da ya dace ba, yana iya rasa shukar wannan karon baki ɗaya.

Buƙatar ta ƙaru tun daga watan Nuwamba na 2015, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, abin da ya sa jama'a da dama suka rungumi noman rani.

Asalin waɗannan motocin noma

Yunƙurin noma da injuna a wannan shiyya ya faro ne tun zamanin mulkin mallaka. A 1949 Turawan Ingila suka buɗe wani babban shirin noma a Mokwa, kudu da inda tafkin yake a yau, amma aka rufe shi a 1954 bayan an tafka hasara.

Taraktoci sun kwararo sosai ne a zamanin arzikin man fetur, ƙarƙashin shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Obasanjo a 1976, da kuma shirin bunƙasa noma na Shugaba Shehu Shagari a 1980.

A wancan zamani ne aka kafa masana'antar harhaɗa motoci da taraktoci ta Steyr a Bauchi, da haɗin gwiwar wani kamfanin ƙasar Ostiriya, da kuma ta Fiat a Kano, da haɗin gwiwar Italiyawa. Gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi suka buɗe sassan bayar da hayar tarakta a farashi mai rangwame.

To sai dai bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, kayan gyara da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada. Taraktoci da yawa suka kwanta a harabar ma'aikatu, wasu a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Daga bisani aka yi gwanjon da dama daga cikinsu, suka faɗa hannun 'yan kasuwa da manoma.

Samfurin da ya fi daɗewa yana aiki shi ne Massey Ferguson. Tushensa shi ne ƙaramar taraktar nan mai ruwan toka, TE20, wadda aka ƙera sama da dubu 500 a birnin Coventry na Ingila daga 1946 zuwa 1956. Mai ita, Harry Ferguson, shi ne ya fito da dabarar rataya garma a bayan tarakta ta wurare uku, wadda kusan kowane kamfani ke amfani da ita a yau.

A 1964 aka fito da samfurin 135, mai injin Perkins mai silinda uku da ƙarfin doki kimanin 45. An daina ƙera tarakta a Coventry a 2002, amma kamfanin Millat na Pakistan da kamfanin TAFE na Indiya sun kwashe shekaru da dama suna ƙera tsofaffin samfuran bisa lasisi. Wannan ne ya sa har yanzu ake samun kayan gyaransu cikin sauƙi, saɓanin na Steyr, wanda sau da yawa sai an farke wata an gyara wata.

Akwai kuma ƙananan injunan huɗa masu ƙafa biyu, akasari ƙirar Sin, waɗanda mutum ke bi a baya yana riƙe da hannuwansu. Su ne suka fi dacewa da ƙananan fangalin shinkafa.

Abubuwa uku da ke kashe inji

Na farko shi ne ƙura. A lokacin hunturu da kuma wajen kaftun busasshiyar ƙasa, ƙurar da ta kutsa cikin inji tana cin zobban fistin da bangon silinda kamar yadda yashi ke cin ƙarfe. Tsofaffin taraktoci da yawa suna da matatar iska mai kwanon mai a ƙasanta, wanda ke kama ƙurar. A lokacin aiki ana buƙatar duba kwanon kullum, a zubar da man idan ya yi laka, a zuba sabo daidai alamar da ke jiki.

Na biyu shi ne gurɓataccen man gas. A ƙauyuka akan sayi mai ne a jarka ko a duro, inda ruwa da tsatsa ke shiga. Famfon da ke tura mai zuwa nozul ba shi da abin da ke sa masa santsi illa man gas ɗin kansa, saboda haka ɗan ruwa kaɗan ya isa ya lalata shi, kuma yana cikin kayan da suka fi tsada a jikin tarakta. Maganin wannan shi ne a bar duro ya kwana ya kwanta kafin a ɗiba, kada a ɗibi na ƙasa, a kuma riƙa sauya matatar mai a kan kari.

Na uku shi ne zafi. Ƙaiƙayi da ciyawa suna toshe fuskar lagireto, ruwan kogi mai laka kuma yana toshe cikinta. Idan inji ya tafasa, gasket ɗin kansa kan ƙone, wani lokaci ma kan ya lanƙwashe ko ya tsage. Kuskure ne a zuba ruwan sanyi a injin da ya tafasa, ko a buɗe murfin lagireto kafin ya huce.

Ana auna aikin tarakta ne da awa, ba da kilomita ba. Yawancin tsofaffin samfura suna buƙatar juyen baƙin mai bayan awa 200 zuwa 250, gwargwadon abin da kamfani ya rubuta. Da yake agogon awa na yawancinsu ya mutu tuntuni, rubuta awowin aiki a littafi shi ne mafita.

Wadda ke shiga taɓo kuwa tana buƙatar wanki da giris bayan kowane aiki. Idan man akwatin giya ya yi fari kamar nono, to ruwa ya shiga, kuma ci gaba da aiki da shi zai lalata famfon da ke ɗaga garma, domin a irin waɗannan taraktoci mai ɗaya suke sha.

Abin da hayaƙi ke nunawa

Ƙwararren bakanike kan fara ne da duban salansa. Baƙin hayaƙi alama ce ta mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, wato matatar iska ta toshe, ko nozul ya lalace, ko kuma an ɗora wa inji abin da ya fi ƙarfinsa.

Shuɗin hayaƙi yana nuna cewa inji yana ƙona baƙin mai, alamar zobba sun cinye. Farin hayaƙin da bai ɗauke ba bayan inji ya yi ɗumi, yana nufin man gas ba ya ƙonewa yadda ya kamata, ko kuma ruwa yana shiga silinda.

Matakan tayar da wadda ta kwanta

Kafin a kashe ko kwabo, ana fara tabbatar da cewa injin yana juyawa da hannu. Wanda ya yi shekaru ruwan sama yana shiga ta salansa, sau da yawa fistin ɗinsa ya kama da tsatsa.

Daga nan sai a duba jikin injin ko akwai tsagewa, da akwatin giya, da kuma tayoyin baya, waɗanda kuɗinsu kaɗai kan iya sa cinikin ya zama hasara.

Idan ta cancanci gyara, akan zubar da dukkan tsohon mai da ruwa, a wanke tanki, a sauya matatu, a fitar da iskar da ke cikin bututun mai, sannan a gwada tayarwa.

Babban gyara shi ne farke inji. Fa'idar injin Perkins da ire-irensa ita ce, ana iya zare hannun rigar silinda a sa sabo tare da fistin da zobba, a kai karanshaf wurin masu injin gogewa, inji ya dawo kusan sabo. Famfon mai da nozul kuwa sai an kai su wurin masu na'urar gwaji, domin ba a daidaita su da ido.

Daga Yauri akan nemi kayan gyara a Kwantagora ko Sakkwato, idan abu ya gagara a aika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna. Babbar matsalar ita ce jabun kaya, musamman matatu da gasket, waɗanda arharsu kan jawo a sake farke inji a tsakiyar aiki. Maƙera da masu walda su ke cike giɓin da ya rage, wajen gyaran garma da haro da tirela.

Fenti shi ne na ƙarshe, ko da yake masu sayarwa kan fara da shi.

Haɗarin da ke tattare da su

Tsofaffin taraktoci ba su da ƙarfen kariya da ke hana su danne direba idan sun kife. Ƙasar Suwidin ce ta fara wajabta shi a kan sababbin taraktoci a 1959, kuma mace-mace suka ragu ƙwarai.

A fadama, haɗari ya fi aukuwa ne wajen ciro wadda ta kafe. Idan aka ɗaura sarƙa a sama da gatarin baya, tarakta na iya ɗaga gaba ta kife da baya cikin ƙiftawar ido. Haka ma sandar da ke juyawa a bayanta sau 540 a minti ɗaya, tana iya naɗe babbar riga ko rawani idan ba ta da murfi.

Darajarsu a wasu ƙasashe

A Amurka, masu sha'awa suna tara ƙananan taraktocin lambu irin su Cub Cadet da John Deere 110 na farkon shekarun 1960, suna maido musu da kamanninsu na asali domin baje koli.

Amma ko a can, manoma sun koma neman tsofaffin taraktoci domin aiki, saboda sababbin suna da kwamfuta wadda sau da yawa sai dillalin kamfani ke iya gyarawa. A 2023 jihar Colorado ta kafa dokar da ta bai wa manoma 'yancin gyara injunansu, a watan Janairun 2025 kuma hukumar kula da cinikayya ta gwamnatin Amurka ta kai kamfanin John Deere kotu a kan wannan batu.

A gaɓar Kainji kuwa, ƙalubalen ya fi karkata ga samun kayan gyara na ƙwarai, da man gas mai tsabta, da kuma horar da matasan bakanikai da direbobi. Tarihin sassan hayar tarakta na shekarun 1980 ya nuna cewa sayo sababbi ba tare da tanadin gyara ba, ba ya kai manomi ko'ina.