Dawakin Shaƙab

A 1893 Shehu Jasim ɗan Muhammad Al Thani ya gwabza da sojojin Turkawa a yankin Wajba da Shaƙab, yammacin Doha. A wancan zamani makiyayan Larabawa kan ciyar da goɗiya da sha'ir da dabino, wani lokaci har da nonon raƙumi, don ciyawa ba ta wadata a sahara.

A filin wannan yaƙi Shehu Hamad ɗan Khalifa ya kafa bargar Al Shaqab a 1992, ta koma ƙarƙashin Gidauniyar Qatar a 2004. Yau akwai na'urar sanyaya ɗaki a bargunan, da tafkin da dawaki ke iyo, da asibitinsu a gefe.

Ni da na tashi ina ganin ana jiƙa dusa da kanwa, ana zuba wa doki harawa, na san abokin gaban doki bai canza ba, wato ciwon ciki. Doki ba ya amai. Hatsi ya yi yawa, ruwa ya yi kaɗan, ko ya haɗiyi yashi tare da abinci, sai ka ga yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana birgima. Mai doki a Doha ko Katsina, in ka ga haka, ɗauke abincin ka kira likita nan take.