Tarihin Na'urar Daidaita Ƙarfin Lantarki Mai Kunnawa da Kashewa

1. Gabatarwa

Duk wanda ya yi amfani da rediyo ko rakoda a shekarun 1980 zai iya tuna irin nauyin adaftar da ake jona musu, da yadda take ɗaukar zafi idan ta daɗe a bango. Cajar wayar salula ta yau kuwa ba ta fi ƙwan kaza nauyi ba, kuma an rubuta a jikinta cewa tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240. Wannan takarda za ta bi diddigin yadda aka taso daga waccan zuwa wannan. Abin da take son nunawa shi ne, dabarar kunna wuta da kashe ta domin daidaita ƙarfinta tsohuwa ce. Abin da ya ci shekaru shi ne ƙirƙiro ƴar da'irar da ke tsaron makunnin, tana gaya masa lokacin buɗewa da na rufewa.

2. Matsalar zafi

Kowace na'ura tana buƙatar ƙarfin wuta tsayayye, alhali batir yana raguwa, wutar gari kuma tana hawa da sauka. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa taransisto a tsakani ya riƙa shanye rarar. Idan za a mayar da bolt 12 zuwa bolt 5, ana jan amfiya 1, to wat 5 ne za su isa inda ake so, wat 7 kuma su tafi a zafi. Ke nan fiye da rabi ya salwanta. Misalinsa kamar direban da ya take totur har ƙasa, sa'an nan yake rage gudu da birki.

Hanya ta biyu ita ce a mayar da taransiston makunni kawai. In yana kunne sosai, wuta na wucewa ba tare da turjiya ba. In yana kashe, babu abin da ke wucewa. A duka halayen biyu asarar kaɗan ce. Sai a riƙa kunnawa da kashewa sau dubbai a cikin sakan guda, a sa naɗin waya da kwandansa su tara wutar da ke zuwa gutsure-gutsure, su sake ta a miƙe. Idan makunnin ya yi kashi 5 cikin 12 na lokacinsa a kunne, za a sami kusan bolt 5 daga bolt 12. Da wannan hanya ana iya cin moriyar kashi 85 zuwa 95 cikin 100 na wutar. Akwai kuma riba ta biyu: gwargwadon saurin kunnawar, gwargwadon ƙanƙantar taransifomar da ake buƙata. Wutar gari tana juyawa sau 50 ne kacal a sakan, shi ya sa tsohuwar adafta take da ƙaton ƙarfe a cikinta.

An san wannan tun kafin taransisto. Rediyon mota na shekarun 1930 yana da wani ɗan ƙarfe mai karkarwa da ke datse wutar batir domin a ɗaga ƙarfinta. A shekarun 1960 masu ƙera tauraron ɗan'adam a Amurka, waɗanda kowane giram da kowane wat ke da tsada a wurinsu, sun riƙa amfani da taransisto wajen wannan aiki. Tauraron Telstar na 1962 yana cikin misalan farko. Sai dai kowace irin wannan na'ura a lokacin ana harhaɗa ta ne da ɗimbin ƙananan kaya ɗaya bayan ɗaya, kuma in lissafi ya kuskure, takan kama kuka ko ta ƙone.

3. Ma'auni, sa'an nan mai tsaro

Mai daidaitawa ba zai san wuta ta yi yawa ko ta yi kaɗan ba sai yana da ma'aunin da ba ya motsi. A nan sunan Robert Widlar na kamfanin National Semiconductor ya shigo. Ƙarfin wutar da ke kan taransiston silikon yana raguwa da kusan milibolt 2 duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 1. Amma bambancin da ke tsakanin taransisto biyu masu ɗaukar wuta daban-daban, shi ƙaruwa yake yi da zafi. Widlar ya haɗa mai raguwa da mai ƙaruwa suka kashe juna, aka sami kusan bolt 1.2 da ba ruwansa da sanyi ko zafi. David Hilbiber na Fairchild ya riga shi nuna tushen dabarar a 1964, amma Widlar ne ya fitar da ita kasuwa a ƙwayar LM113 a 1971, Paul Brokaw na Analog Devices kuma ya kyautata ta a 1974. (Widlar mutum ne mai barkwanci: da kamfaninsa ya daina biyan masu yankan ciyawa a 1970 don tsimin kuɗi, sai ya kawo tunkiya ya ɗaure a harabar.)

Mataki mafi girma ya zo a 1976, lokacin da kamfanin Silicon General na Kaliforniya ya fitar da ƙwayar SG1524, wadda Robert Mammano ya zana. A cikin abu guda mai ƙafa 16 ya tara ma'auni na bolt 5, da sashen da ke gwada wutar da ke fita da wannan ma'auni ya faɗaɗa kuskuren, da agogon da ke bayar da kiɗan kunnawa, da sashen da ke tsawaita ko taƙaita lokacin kunnawar, da mai katse wuta in ta yi yawa. Babu ko ɗaya daga waɗannan sassa da yake sabo. Sabon abin shi ne zamansu wuri ɗaya, domin a wancan zamani ba a saba cuɗa da'irar analog, mai auna abu kaɗan-kaɗan, da ta dijital, mai sanin i ko a'a kawai, a kan silikon guda ba. Daga nan injiniyan da ba gwani ba ne a fannin ya sami damar ƙera irin wannan na'ura.

A shekarar nan ta 1976 kuma R. D. Middlebrook da ɗalibinsa Slobodan Ćuk, ɗan asalin Yugoslabiya, suka gabatar da wata hanyar lissafi a jami'ar Caltech. Wahalar ita ce, da'irar da ke sauya kama sau dubbai a sakan ba ta bin lissafin da injiniyoyi suka saba da shi. Sai suka nuna yadda za a ɗauki matsakaicin halin kunne da na kashe, a yi aiki da shi kamar da'ira ɗaya mai natsuwa. Da haka aka iya sanin ko na'ura za ta zauna lafiya tun tana kan takarda. Ćuk ya kuma ƙirƙiro wani tsarin juya wuta da ake kira da sunansa har yau.

A nan ya kamata a yi gyara ga wani labari da ya yaɗu. Kwamfutar Apple II ta 1977 ta fito da irin wannan na'ura, wadda Rod Holt ya zana, kuma Steve Jobs ya yi iƙirarin cewa sauran kwamfutoci duk daga gare ta suka kwafa. Aikin Holt mai kyau ne, amma tarihi bai goyi bayan iƙirarin ba: kamfanoni da dama sun riga Apple amfani da dabarar, kuma hanyar da masana'antar ta bi daga baya ita ce ta ƙwayoyin sarrafawa irin ta Mammano, waɗanda Holt bai yi amfani da su ba. Suna dai ya fi bin mai baki.

4. Sauran gyare-gyare

Ƙwayoyin farko suna duban ƙarfin wutar da ke fita ne kawai, don haka sai ɓarna ta bayyana suke gyarawa. A 1978 Cecil Deisch na Bell Labs ya bayyana hanyar auna yawan wutar da ke bi ta naɗin wayar a kowane bugu, a kashe makunni da zarar ta kai iyaka. Wannan ya sa martani ya yi sauri, ya kuma kare taransisto daga ƙonewa. Yana da nasa aibin: in lokacin kunnawa ya wuce rabi, da'irar takan fara tangaɗi, bugu ɗaya dogo ɗaya gajere, sai an ƙara mata wani ɗan gangare na wucin gadi kafin ta natsu. Ƙwayar UC3842 mai ƙafa 8, ta kamfanin Unitrode, ita ce ta yaɗa wannan hanya a shekarun 1980, kuma masu gyaran talabijin da kwamfuta suna cin karo da ita har yanzu. A ƙarshen shekarun 1970 ne kuma aka sami taransisto nau'in MOSFET mai ɗaukar wuta da yawa, wanda ya ba da damar kunnawa sau 100,000 a sakan ko fiye.

Zuwan kwamfutar tafi-da-gidanka da wayar hannu ya fito da wata matsala da ba a damu da ita ba a da. Kowace kunnawa tana cin ƴar wuta, ko da na'urar ba ta aikin komai, kuma waya ta fi daɗewa a aljihu fiye da a kunne. Milton Wilcox da Randy Flatness na Linear Technology suka nemi rajistar wata dabara a 1993: in buƙata ta yi ƙasa, da'irar ta yi ƴan bugu ta cika kwandansa, sa'an nan ta yi barci har sai ya ragu. An ba su rajistar a 1996, kamfanin kuma ya yi shekaru yana shari'a da abokan hamayyarsa a kanta, abin da ke nuna yawan kuɗin da ke tattare da ƴan awoyin da ake ƙara wa batir.

Yawancin kamfanonin nan an haɗiye su: Texas Instruments ya sayi Unitrode a 1999 da National a 2011, Analog Devices kuma ya sayi Linear a 2017. Dabarun kuwa suna nan cikin kowace caja da ke jure hawa da saukar wuta a Maraɗi ko Kano, da cikin akwatunan zamani da ke tsakanin farantin hasken rana da batir, waɗanda ke sauya tsawon lokacin kunnawa duk sa'ad da gajimare ko ƙurar hunturu ta rage hasken.