Tsarin Milla a Daular Usmaniyya ta Turkawa

Gabatarwa

Daular Usmaniyya ta Turkawa, wadda ta sha bamban da ta Sakkwato duk da kamancin suna, ta mulki Turkawa da Larabawa da Girkawa da Armeniyawa da Yahudawa da wasunsu har zuwa 1922. Wannan takarda za ta dubi yadda ta riƙe waɗannan al'ummomi da abin da ya warware riƙon.

Yadda Tsarin Yake

Addini ne ma'aunin da daular ta kasa talakawanta da shi. Kowane rukuni na mabiya addini ɗaya ana kiransa milla. Bayan Sarki Muhammadu na II ya ci birnin Kustantiniyya, wato Istambul, a 1453, sai ya naɗa Gennadiyos shugaban Kiristocin Otodoks a 1454. Haka kuma da aka kori Yahudawa daga Sifaniya a 1492, Sarki Bayazid na II ya karɓe su, da yawa suka zauna a Salonika. Sai dai masana tarihi sun nuna cewa tsarin bai kankama sosai ba sai a ƙarni na 18 da na 19.

Kowace milla ita ke kula da aurenta da gadonta da makarantunta da wuraren ibadarta. Duk da haka, kundayen kotuna sun nuna Kiristoci da Yahudawa kan kai ƙara gaban alƙalin Musulunci don ra'in kansu, in sun ga hukuncinsa zai fi yi musu daɗi.

Amana Ba Daidaito

Waɗanda ba Musulmi ba 'yan amana ne: suna biyan jiziya, kuma gina sabon coci sai da izini. An kuma riƙa ɗibar 'ya'yan Kiristocin yankin Balkan ana musuluntar da su don aikin soja da na fada.

Kammalawa

A 1856 daular ta shelanta daidaito tsakanin talakawanta, amma a lokacin kishin harshe da ƙabila ya riga ya shigo daga Turai. Bulgeriyawa, da ke milla ɗaya da Girkawa, sun sami cocinsu a 1870. A 1915 aka yi wa Armeniyawa kisan kiyashi. Ke nan tsarin ya ba da kariya muddin mutum ya amince da matsayinsa, amma bai tanadi amsa ga wanda ya nemi ƙasar kansa ba.