Daga Ƙudurin 1950 Zuwa Dajin Kamuku: Wa Ke Tambayar Gwamnati A Madadin Birnin Gwari?

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya, don haka yau za mu ɗan jingine labaran ƙirƙira mu leƙa tarihi, mu dubi wani aiki da mutanen karkara ke zaɓar mutum su tura shi birni ya yi musu, wato tsayawa gaban gwamnati a tambaye ta ina maganin asibiti, ina taki, ina gadar da ruwa ya cinye. Ƙasar Birnin Gwari za mu ɗauka ta zama madubinmu, domin da wuya a sami inda wannan tambaya ta fi nauyi a duk jihar Kaduna.

Ga wanda bai san wurin ba, Birnin Gwari tana yammacin jihar, tafiyar kusan kilomita 120 daga Kaduna a kan tsohuwar hanyar Legas, wadda ta bi ta Tegina da Mokwa da Jebba. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma ƙidayar 2006 ta sami mutum sama da 250,000 a cikinta. Ta yi iyaka da Zamfara da Katsina da Neja. A cikinta dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe tun 1936 a zamanin En'e, aka kuma mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999. Ƙasa ce mai albarkar masara da dawa da shinkafa da waken suya, ga zinariya a ƙarƙashinta wadda tun zamanin Turawa ake haƙa.

Wannan daji ya daɗe yana ba mutanensa abinci, ya kuma daɗe yana ɓoye masu cutar da su. A ƙarni na 19 mayaƙan Kwantagora, tun daga Umaru Nagwamatse har ɗansa Ibrahim, sun addabi garuruwan Gwari da na Kamuku da harin bayi, har zuwa 1901 da Turawa suka ci Kwantagora. A wancan zamani talaka ba shi da inda zai kai ƙara sai ganuwa da kan dutse. Da Turawa suka zauna, sai aka sa Birnin Gwari cikin Lardin Zazzau a matsayin ƙasa mai sarkinta, ba a ƙarƙashin Sarkin Zazzau ba. Hari ya tsaya, haraji da jangali suka ci gaba, amma hanyar da manomi zai tambayi hukuma me aka yi da kuɗinsa ba ta samu ba.

Ƙofar tambaya ta fara buɗewa ne a 1947, lokacin da Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa ta fara zama a Kaduna. Yawancin 'yan majalisar ma'aikatan En'e ne, ba mai son ɓata wa sarkinsa rai. Sai a watan Agusta na 1950 wani malamin makaranta daga ƙasar Bauchi, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda mu masu karatun littattafan Hausa muka sani da Shaihu Umar, ya miƙe ya kawo ƙuduri a kan mulkin En'e. Ya soki tsarin da ya tara iko duka a hannun sarki shi kaɗai, ya ambaci cin hanci da sunansa, ya nuna ba a shawartar talaka a kan abin da ya shafe shi, sannan ya nemi a kafa kwamiti ya binciki tsarin baki ɗaya. Da ƙyar ƙudurin ya tsallake, sarakuna da dama kuma ba su ji daɗi ba. Amma gwamnati ta sa jami'anta biyu, Maddocks da Pott, suka zaga larduna suka rubuta rahoto. A 1952 aka daina cewa sarki shi kaɗai ne En'e, aka koma sarki da majalisarsa, a 1954 kuma aka yi sabuwar dokar En'e wadda ta ba majalisun gundumomi gurbi.

Mai karatu ya lura da yadda aikin ya tafi. Mutum ɗaya ne, ba shi da soja ba shi da dukiya. Ya san abin da yake magana a kai domin a cikinsa yake aiki, ya faɗi laifin a fili, ya nemi takamaiman abu, aka kuma bi sawun maganar har ta zama doka. Wannan shi ne ma'aunin da za mu gwada waɗanda suka biyo baya da shi.

Shekara 29 bayan haka, a 1979, majalisar tsohuwar jihar Kaduna, wadda ta haɗa har da Katsina, ta sami ƙarfin da ba ta taɓa samu ba. Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ɗan PRP ne, majalisa mai kujeru 99 kuwa NPN ce ke da babban rinjaye a cikinta. Gwamna ya soke haraji da jangali, abin da ya taɓa kowane gida a ƙasa irin Birnin Gwari ta manoma da makiyaya. Majalisa kuwa ta yi ta mai da sunayen kwamishinonin da ya aika mata, har ya yi kusan shekara biyu yana mulki babu kwamishina ko ɗaya, kuma a ranar 23 ga Yuni, 1981 ta tsige shi, ya zama gwamnan farko da aka yi wa haka a Nijeriya. Har yau ana gardama a kan wa ke da gaskiya. Abin da ba a gardama a kansa shi ne rigimar ta jam'iyyu ce da manyan gari. Majalisa ta nuna tana da haƙora, sai dai ba a kan rashin ɗakin shan magani a Randagi ko Kuyello ta yi cizon ba. Idan giwaye suka yi faɗa, ciyawa ce ke shan wuya.

Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, Birnin Gwari ta sami kujeru biyu cikin 34 na majalisar jiha da ke zama a Lugard Hall, wato Magajin Gari da Kakangi. Tana raba kujera ɗaya da Giwa a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma tana cikin mazaɓar sanatan Kaduna ta Tsakiya. Ɗanta ma, Bashir Zubairu, shi ya riƙe kujerar kakaki a majalisar farko ta wannan zubi. Tsarin mulkin 1999 bai bar waɗannan wakilai hannu rabbana ba. Sashe na 128 da na 129 sun ba majalisar jiha ikon binciken duk ma'aikatar da ke kashe kuɗin da ta amince da su, da ikon kiran kowane jami'i ya zo ya yi bayani, kamar yadda sashe na 88 da na 89 suka ba majalisar tarayya. Babu kuma kobo da gwamna zai kashe bisa ƙa'ida sai majalisa ta amince da kasafi.

Ana cikin haka daji ya sake juyewa. Abin da ya fara da satar shanu da fashin hanya ya zama kisan gilla. A watan Oktoba na 2012 'yan bindiga suka kashe mutane kusan 20 a Dogon Dawa, wasunsu suna fitowa daga sallar asuba. A watan Maris na 2018 aka kashe sojoji 11 a Kamfanin Doka, a watan Mayu kuma aka kashe mutum fiye da 40 a Gwaska, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta amince da kafa bataliyar soja a yankin. A ƙarshen 2021 gwamnatin jiha ta sa aka katse layukan waya, aka hana cin kasuwannin mako da hawan babur. A 2022 'yan Ansaru suka yi ƙarfi a gabashin ƙasar, wajen Damari, har suna hana harkar siyasa. Manoma suka koma biyan kuɗi kafin su shuka, su sake biya kafin su girbe. Wato jangalin da aka soke a 1979 ya dawo da bindiga a kafaɗa.

A cikin waɗannan shekaru muryoyin da duniya ta fi ji daga Birnin Gwari su ne na Mai Martaba Sarki, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari na II, da na ƙungiyar ci gaban masarautar da ake kira BEPU, wadda ta riƙa fitar da sunayen ƙauyukan da aka tasa. Wakilai sun kai ƙudurorin gaggawa, an yi shiru na minti ɗaya, an yi kira ga jami'an tsaro. Sai dai ƙuduri irin wannan shawara ce kawai, ba ya tilasta wa gwamna ko minista komai. Ƙarfin ɗan majalisa yana cikin kasafi da zaman kwamiti da sammaci, kuma nan ne ake ganin wanda ya shirya ɓata da masu mulki.

Sau biyu aka ga irin wannan ɓatawa a kan kuɗin jihar. A watan Maris na 2018 Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da bashin dala miliyan 350 da gwamnatin Nasiru el-Rufa'i ta nema daga Bankin Duniya, bisa rahoton kwamitin Sanata Shehu Sani, wanda Birnin Gwari ke cikin mazaɓarsa, da goyon bayan sauran sanatocin jihar biyu. Biyu daga cikin ukun ba su koma majalisa a 2019 ba, sabuwar majalisa kuma ta amince da bashin. Sai a watan Yuni na 2024, bayan Gwamna Uba Sani ya ce ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85, majalisar jiha ta fitar da rahoton da ya zargi tsohuwar gwamnati da karkatar da naira biliyan 423, zargin da el-Rufa'i ya musanta ya kuma kai kotu. Ko wane ne mai gaskiya, tambayar talaka ita ce: ina majalisa take lokacin da ake cin bashin ana kashewa? Ihu bayan hari ba ya dawo da saniya.

A watan Nuwamba na 2024 gwamnatin jiha ta yi sulhu da wasu shugabannin 'yan bindiga, aka sake buɗe karar shanu ta Birnin Gwari bayan ta yi shekaru a rufe, manoma da yawa suka koma gonakinsu. Da ƙarar bindiga ta lafa, sai tambayoyin da ta danne suka taso, kuma guda uku ne.

Ta farko lafiya. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su riƙa ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, dokar lafiya ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Jihar Kaduna ta ɗauki shirin gyara asibiti ɗaya a kowace mazaɓa cikin 255, wato 11 ke nan a Birnin Gwari. Aikin wakili ne ya je Tabanni da Kutemeshi da Kazage ya ƙirga da idonsa: akwai ungozoma mai kwana a wurin, akwai maganin zazzaɓi, firjin allurar rigakafi yana aiki? Ga kuma batun zinariya. Gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, ta kashe 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015, duk maƙwabta ne, duk kuma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gida. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta, ya shafa wa nasa ruwa.

Ta biyu noma. A 2003 aka yi alkawarin Maputo na ba noma kashi 10 cikin 100. Amma rubuta adadi a kasafi daban, sakin kuɗin daban, isar buhun taki hannun manomi kafin ruwan shuka kuma daban. Takin da ya zo a watan Agusta ɗan kasuwa ya amfana. Wakilin da ya san aikinsa zai nemi jerin sunayen waɗanda aka ba, mazaɓa bayan mazaɓa, ya karanta a zauren majalisa.

Ta uku ambaliya. Kogin Mariga da rafukan da ke zuba cikinsa su ke shayar da fadamun ƙasar, su ne kuma ke yanke ƙauyuka daga gari idan damina ta yi nisa, sai mai naƙuda ta rasa hanyar asibiti, masara ta rasa hanyar kasuwa. Saran itace don gawayi yana ƙara wa ruwa gudu. Hukumomin tarayya na fitar da hasashen ruwa da na ambaliya kowace shekara tun kafin damina, kuma jihohi da ƙananan hukumomi suna da kasonsu a asusun kula da muhalli. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum sama da 600 a Nijeriya, ta Mokwa kuma, a kan wannan tsohuwar hanyar Legas ɗin, ta kashe fiye da 150 a watan Mayu na 2025. Lokacin tambayar kwalbati da gada shi ne rani, ba ranar rabon tabarmi da shinkafa ba.

Daga ƙarshe, mu ma masu zaɓe muna da namu kason. Muddin abin da muke auna wakili da shi shi ne kuɗin suna da na biki da atamfar sallah, to shi ma abin da zai nemo ke nan, kuma ba ya samun sa sai ya zauna lafiya da wanda aka tura shi ya tambaya. Malam Abubakar bai raba wa kowa buhu ba a 1950, amma tambayarsa ta canza doka. Idan wakilinku ya zo gida, a tambaye shi wane kwamishina ya sa aka kira, nawa aka rubuta wa asibitin mazaɓa, nawa aka saki.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a Dogon Dawa da Gwaska da sauran garuruwa, Ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari lafiya, Ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya yarda.